Baba Gamaliel, Mai Sa Aiki Gaba da Gaisuwa

Kowace safiya, kafin a buɗe ƙofar ƙaramin gidan tarihin da yake aiki a Birmingham, Baba Gamaliel ya riga ya rataye kwat ɗinsa, ya shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, ya jera kayan aikinsa: kwalbar mai, auduga, ɗan burushi, da wata siririyar sandar katako da ta yi sulɓi saboda riƙo. Shayinsa yakan huce a gefe. Matarsa, Mama Celestina, ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya sha shayi da zafinsa ba.

Aikinsa kula da tsofaffin bindigogi ne. Birmingham ta taɓa zama garin maƙeran bindiga, kuma abin da suka bari yana nan a akwatunan gilashi, yana jiran mai goge masa tsatsa. A cikinsu duka, waɗanda Baba ya fi ƙauna su ne ƙananan bindigogin aljihu na zamanin da. Ba su fi tafin hannu ba. Ana ɗura musu albarushi da ƙwallon dalma, a kifa wata 'yar hular tagulla a gindin bututun, idan kunama ta sare ta sai wuta ta tashi. Fatake da matafiyan Ingila ne suke sa su a aljihu saboda 'yan fashi, tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Shi ma yana da nasa a gida da ya daɗe yana tarawa, kuma ya san kowace kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Haifaffen Wusasa ne, ta Zariya. Kakansa maƙeri ne mai gyara wa maharba harba-ka-ruga. Shi Baba ya zo nan Ingila karatu yana saurayi, ya shiga wata maƙera neman aikin hutu, bai sake fitowa daga sana'ar ba. Bana zai ajiye aiki. Ba gajiya ya yi ba. Council, hukumar garin, ce ta tsuke bakin aljihu, kamar yadda ta yi wa laburare da wuraren wasan yara, aka rage ranakun buɗe gidan tarihin, aka ce kujerarsa ba za a sake cike ta ba.

Ni ba mai magana ba ce a cikin taro. Ranar da aka yi masa ɗan bikin sallama an miƙo mini makirfo, na ce na gode, na zauna. Abin da na kasa faɗa a ranar shi nake rubutawa.

Abbanmu, Alhaji Sunusi, akanta ne a Manchester. Ya rasu a cikin hunturu bayan gajeriyar jinya. Ranar addu'ar uku, gidanmu na unguwar Rusholme a cike, wani dogon dattijo mai hular Turawa ya tare ni a bakin ƙofa ina ɗauke da tiren shayi.

"Ke ce Rahmatu?" ya ce. "Ni ne mutumin Asabar ɗin babanki. Kawo wayarki."

Ya sa lambarsa da kansa. Ya ce idan muka buɗe wani akwatin katako mai jan ƙyalle a ciki, kada mu tsorata, in kira shi. Na gyaɗa kai. Ban tambaye shi wane akwati ba, don kunya, kuma shayin yana hucewa. Mun san Abba yakan je Birmingham wasu Asabar ɗin wurin wani abokinsa na Zariya. Umma har dambun nama take ƙulla masa ya kai. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Da Umma ta fita takaba, ta ce za a rabar da tufafin Abba sadaka. Amma ba za ta ba kowa kayan mijinta suna warin kabad ba. Ta sa ni na hau kujera na rufe na'urar ƙarar hayaƙi da safa, ta hura garwashi a kasko, ta zuba turaren wuta, ta kifa kabbasa, kwandon sandunan nan na turara kaya, a kai. Riga bayan riga tana ɗorawa suna shan ƙamshi. Can ta ɗauko babban kwat ɗinsa na sanyi ta shimfiɗa.

Ina zaune ina ninke waɗanda aka gama sai na lura aljihun kwat ɗin ya zurma ta tsakanin sandunan kabbasar, yana reto daidai saman garwashin. Wani abu mai nauyi ne a ciki. Na ɗauka makullai ne. Na sa hannu na zaro wani abu a naɗe cikin hankici, har ya yi ɗumi. Na warware. Wata ƙaramar tsohuwar bindiga ce.

Umma ba ta yi ihu ba. Salati ta yi a hankali, ta zauna a ƙasa. Yayana Ja'afaru, wanda yake shekararsa ta ƙarshe a jami'a, ya sauko da gudu. Shi ya tuna da akwatin da ke bayan takalman Abba. Aka buɗe. Ga wasu bindigogin irinta nan jere a kan jan ƙyalle, kowace a gurbinta.

Sai na faɗi wani abu don a fahimci halin da Umma ta shiga. Ƙanenta, Kawu Ɗan'azumi, 'yan fashi ne suka harbe shi a hanyar Kaduna tun muna yara. Tun daga ranar, ko a talabijin aka nuna bindiga sai ta tashi ta bar falon. Ko ta roba ba a taɓa saya wa Ja'afaru ba. Yanzu ga su a ɗakin kwananta, a bayan takalman mijinta.

"A kai su ruwan canal," ta ce. "Yau ɗin nan. A zuba a leda, a sa dutse."

"Wa zai kai, Umma?" in ji Ja'afaru. "Ni? Da wannan gemun, da jakar goyo, a bas ɗin Wilmslow Road? Ai gara in wuce police station kai tsaye in rage musu wahala."

"To Rahmatu ta kai."

"Rahmatun da ko direban bas ya ce mata good morning sai ta ce masa sorry?"

Ba wanda ya yi dariya. Umma ta dubi akwatin ta daɗe, sannan ta faɗi abin da ya fi tsoron 'yan sanda ciwo.

"Duk shekarun nan ina wanke masa kaya, ina yi masa addu'a. Ashe ban san wanda nake aure ba."

Wannan ne abin da muke shirin rasawa a ranar. Mun riga mun binne Abba sau ɗaya. Ina kallo Umma tana shirin binne shi karo na biyu, a cikin zuciyarta, a matsayin mutumin da ba ta sani ba.

Na shiga kicin na kira lambar. Na yi ta in'ina. Bai katse ni ba sai da na ambaci aljihun kwat da garwashi.

"Tsaya, 'yata. Ta aljihun, ba ta cikin akwatin take ba?"

"A'a, Baba."

"Wannan ban taɓa ganinta ba." Muryarsa ta canza, amma bai ɗaga ta ba. "Ki kwantar da ita a ƙasa, bakin ya kalli bango. Kada kowa ya taɓa kunamar. Ku fitar da kaskon waje. Ku rufe ɗakin. Ina tafe."

Bai ce gobe ba. Bai tambayi wa zai biya jirgin ƙasa ba. La'asar ba ta yi ba sai ga shi a ƙofarmu, ruwan sama ya jiƙa masa kafaɗu, da 'yar jakar fata a hannu. Umma ta gyara mayafi ta fara, "Sannu da zuwa, Malam, an zo lafiya, ya hanya…"

"Hajiya, ki yi mini afuwa," ya ce, yana cire takalmi. "Gaisuwa ta biyo baya. Ina take?"

Na ga fuskar Umma. A gidanmu ko mai kawo wasiƙa sai an tambaye shi iyali. Dattijo kamar wannan, mai jin Hausa kamar wannan, ya shigo gidan da aka yi rashi ya tsallake gaisuwa! Ta dube ni, irin kallon nan na wa kika kawo mini.

Ya durƙusa a kan kafet, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya zaro siririyar sandar nan. Ya zura ta a bakin bindigar a hankali har ta tsaya, ya danne wurin da babban yatsa, ya zaro, ya kwantar da ita a jikin bututun ta waje. Sandar ba ta kai gindi ba. Akwai saura kamar gaɓar yatsa.

"Akwai baƙo a ciki," ya ce.

Ya nemi bokitin ruwa da ƙaramin faranti. Ya fita bayan gida shi kaɗai, ya ce mu tsaya a kicin. Ta taga muka riƙa kallonsa a ƙarƙashin yayyafi, ya ba mu baya, yana ɗiga wani abu, yana jira, yana murɗawa kaɗan, yana sake jira. Umma tana jan carbi. 

Da ya dawo, a farantin shayin Umma mai zanen fure akwai ƙwallon dalma kamar gujiya, da wani baƙin gari da ya jiƙe ya zama taɓo.

"Da ta tashi?" Umma ta tambaya. 

"Allah kaɗai ya sani, Hajiya. Wani albarushin yakan mutu da tsufa, wani kuma yakan fi mai shi tsawon rai. Ni dai ban taɓa yarda da shi ba, shi ya sa har yau yatsuna goma ne."

Bai tsaya nan ba. Na cikin akwatin, waɗanda shi da kansa ya duba tun Abba yana raye, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sandar. Ja'afaru ya ce, "Baba, ai ka ce ka san waɗannan." Ya ce, "Na san su bara, ba yau ba."

Sannan ya wanke hannu, ya zauna a kujera, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya fuskanci Umma kamar yanzu ya shigo.

"Hajiya, ina wuni. Mun same ku lafiya? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta."

Ya yi gaisuwar cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, har da tambayar mutanen gida a Kano. Umma ta amsa, hawaye suna zuba. A nan na gane ba rashin ladabi ya sa ya tsallake ta ba. Ajiye ta ya yi sai ya tabbatar za mu kasance a raye mu amsa.

Kai ne, Baba, ka koya mini cewa akwai ladabin da ya fi na baki.

Umma ba ta yi kwana-kwana ba. "Malam, me mijina yake yi da waɗannan?"

"Kallo, Hajiya. Kallo da surutu. Dambun nan da kike ƙullo masa, ni nake cinyewa, shi kuma ya cika mini kunne." Ya ɗauko ɗaya ya nuna mata gefenta. "Dubi zanen nan. Da hannu aka yi shi, kamar na ƙwarya. Kakan Alhaji maharbi ne a Rano. Alhaji ya ce mini a jikin bindigar tsohon ya fara haɗa baƙaƙen boko, ya karanta Birmingham, bai san ma gari ba ne. Ranar da ya fara shigowa wurin aikina, ya tsaya a gaban gilashi har na zaci barci yake a tsaye. Na ji yana cewa ikon Allah da Hausa, na amsa masa. Daga nan muka ƙulla. Ko cinnaka bai taɓa harbi ba. Albarushi ma bai taɓa saya ba. Duk wadda ya samo, wurina yake fara kawowa in duba. Wannan ta aljihun ya sayo ta a kasuwar kayan da, ya kira ni ya ce sai Asabar. Asabar ɗin ta same shi a asibiti."

"To me ya sa ya ɓoye mini?"

 "Na sha ce masa ya faɗa miki. Sai ya ce, Gamaliel, matata ta ga abin da bindiga ta yi wa ɗan'uwanta. Ba zan sa ta kwana da wannan tunanin don abin sha'awata ba. Ni ban ce ya yi daidai ba, Hajiya. Amma ba don ya raina ki ya yi ba. Tausayinki ne ya yi masa yawa."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe sai ta ce, "Haka yake. Ko ciwonsa ma sai da likitansa ya kira gida na sani." Ta faɗe shi da faɗa-faɗa, irin yadda take yi masa yana raye.  Ta gane shi. Mijinta ne dai, da halinsa.

Saura tsoron hukuma. Baba ya bayyana mana cewa dokar ƙasar nan ta yarda mutum ya ajiye irin waɗannan tsofaffin a matsayin kayan tarihi, muddin ba harbi zai yi da su ba.

"Doka a bakinka daban, Malam," in ji Umma, "a bakin ɗan sanda kuma daban. Ina da ɗa namiji."

"Gaskiyarki. Shi ya sa ba na so ki tsaya a maganata. Bari su faɗa miki da bakinsu."

A gabanmu ya kira sashen 'yan sanda masu kula da lasisin makamai, ya faɗi sunansa da aikinsa, ya faɗi komai, har da baƙon da ya fitar. Ranar da jami'arsu za ta zo duba bindigogin, ya sake hawo jirgi daga Birmingham don kada ta same mu mu kaɗai. Mace ce mai fara'a. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta duba, ta ɗauki hotuna, ta ba da shawarar a sa su a wuri mai makulli, ta ce ba laifin da aka yi. Tana shirin fita ta tsaya tana shinshina iska, ta tambaya wane irin ƙamshi ne wannan. Ja'afaru ya ce mata, "Wannan ne ya kusa tashin gidan." Umma ta kai masa duka da gefen mayafi, tana dariya. Rabon da mu ji dariyarta tun kafin asibiti. Jami'ar ta tafi da ƙullin turare a jaka.

Daga baya na gano ba mu ne farko ba. A bikin sallamarsa na zauna kusa da wata mata mai suna Scholastica, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ba ni labarin ranar da ta tsinci irin wannan bindigar a cikin safar wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, ta rasa inda za ta sa kanta, tana tsoron a ce ita ta kawo. Wani ɗan cocinsu ya haɗa ta da Baba. Ya zo da sandarsa, ya duba, ya zauna da ita har 'ya'yan tsohuwar suka iso, ya yi musu bayani da kansa. "Ko shayi bai karɓa ba," ta ce. Mama Celestina da ke jin mu ta ce, "Ya karɓa mana. Ya dai bar shi ya huce."

Kai ne wanda mutane ke kira a ranar da suka buɗe aljihun mamaci suka ga abin da ba su zata ba. Ba ka taɓa sa wani ya ji kunyar tsoronsa ba. Kai ne ka ɗauki abin da aka ƙera don kisa ka mai da shi abin da yaran makaranta ke leƙawa suna tambaya. Jikan maƙera, na Celestina, ba ka da lambar yabo a bango, amma akwai gidaje a garuruwan nan biyu da ake barci da daɗi saboda kai.

Umma ba ta taɓa zuwa Birmingham ba sai ranar bikin. Ita ta ce za ta. Ta yi dambu cike da roba, ta ɗebi turarenta mafi kyau don Mama Celestina. Da ta miƙa, Baba ya leƙa ledar ya ce, "Hajiya, ina fata dai kin baro garwashin a Manchester."

"Na baro, Malam. Kai ma ina fata yau za ka gaishe ni kafin ka zaro sanda."

Ya gaishe ta kuwa, har da rusunawa.

Akwatin Abba yana falonmu yanzu, a cikin kabad ɗin gilashi mai makulli, tsakanin tangaran ɗin Umma. Ba ta son su har yau, kuma ba ta ɓoye hakan. Amma ran Asabar ita take goge gilashin da kanta, kuma idan baƙi suka tambaya takan ce, "Na Alhaji ne. Zanen yake so."

Abin da ke damuna shi ne teburin nan mai koren ƙyalle zai zauna ba kowa. Ina roƙon 'yan'uwana matasa da ke karatu a nan, masu injiniya da masu tarihi: irin su Baba suna nan a cikinmu, a gidajen tarihi da ƙananan maƙeru da bayan shaguna, kuma ana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ɗauki magaji ba. Ku neme su tun suna da ƙarfin nuna muku yadda ake riƙe sanda. Idan ba za ku koyi sana'ar ba, ku koyi halin: a kira ka ka zo, ka fara da abin da zai cutar, kada ka dogara da sanin bara. Wanda kuma ya tsinci irin wannan a kayan magabatansa, kada ya nufi canal, kada ya taɓa kunama. Ya nemi masani.

Baba Gamaliel, mun gode. Ka fitar da dalma daga bindiga, ka fitar da zargi daga zuciyar mahaifiyata, ka mayar mana da Abbanmu yadda muka san shi. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara maka lafiya, ya sa ko sau ɗaya ka sha shayi da zafinsa.

Jiya Umma ta hura garwashi za ta turara labule da rigunan Ja'afaru. Ina kallonta. Kafin ta ɗora kowace riga a kan kabbasa, sai da ta laluba aljihun.